Me zan koya wa ɗana kafin in saya masa waya?

Tambaya: Ina da yara biyu, babban namiji ne mai shekara 9, ƙaramar kuma tana da 3. Babban ya matsa mana lamba a saya masa waya, wai duk abokansa suna da ita. Ni da mahaifinsa mun ce sai nan gaba, amma yanzu tawa yake ara ya yi wasa. Me ya kamata ya iya kafin ya riƙe tasa, kuma a shekara nawa ya dace a ba shi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya raya miki su. Bari in fara da ɗan gyara a tambayar taki. Ɗanki ya riga ya samu wayarsa ta farko, ita ce wadda yake ara a hannunki. Duk halin da zai tafi da shi kan tasa, yanzu yake ɗaukarsa, a kan taki, a gaban idonki. Wannan kuwa dama ce babba, domin wayar aro tana da abin da ta mallaka ba ta da shi: mai ita na zaune kusa, kuma dole a mayar mata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka miƙa masa sabuwa dal a kwalinta, zumuɗi ba zai bar shi ya ji ko kalma ɗaya daga nasiharki ba.

Batun shekaru kuwa, za ki ji mutane na yawan ambaton 13. Yana da kyau ki san asalin wannan adadi. A 1998 Amurka ta yi wata doka da ake kira COPPA, wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan yaron da bai kai 13 ba sai da izinin iyayensa. Don guje wa wannan ɗawainiya ne Facebook da Instagram da TikTok da ire-irensu suka ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Wato lissafin lauyoyi ne, ba wani likita ne ya auna ya ga hankalin yaro yana cika a wannan shekara ba. Ostareliya ma da ta sake duba lamarin, a 2024 ta yi dokar da ta ɗaga shekarun shiga kafafen sada zumunta zuwa 16. Saboda haka ki raba abu biyu a ranki: mallakar waya daban, shiga kafafen sada zumunta daban. Ana iya ba yaro ta farko a jinkirta masa ta biyu shekaru masu yawa.

Ni idan iyaye suka tambaye ni ko ɗansu ya isa, tambaya biyu nake mayar musu. Yana iya ajiye wayar da hannunsa idan lokaci ya yi? Idan wani abu ya same shi a cikinta, yana zuwa ya faɗa? Duk sauran darussan a kan waɗannan biyun suke tsaye.

Mu ɗauki ajiyewa. Kada ki ɗauka taurin kai ne kawai ke sa ya kasa saki. An ƙera waɗannan manhajoji ne don kada a sake su. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin halayya B. F. Skinner ya nuna cewa ladar da ba a san lokacin zuwanta ba, ta fi sa dabba ta nace da danna maɓalli fiye da ladar da ke zuwa a kan ƙa'ida. Haka bidiyon gaba yake: wataƙila ya ba da dariya, wataƙila a'a, sai an duba. A 2006 wani mai tsara manhaja, Aza Raskin, ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa, wanda duk yadda ka ja sai wani abu ya sake ɓullowa, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Ga kuma bidiyon da ke kunna kansa da zarar na baya ya ƙare. A ɗaya ɓangaren, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. To ki auna: ƙwararrun injiniyoyi a gefe guda, yaro ɗan shekara 9 a ɗaya gefen. Mu manya ma yaya muka ƙare da su?

Abin da ke aiki shi ne a yanke wurin tsayawa tun kafin a fara. Kafin ki miƙa masa, ki tambaye shi: "Me za ka yi da ita, kuma a ina za ka tsaya?" Bidiyo biyu, ko zagaye uku na wasa. Wannan ya fi "minti ashirin" sauƙin bi, don yaro ba ya jin tafiyar lokaci, kuma katse shi a tsakiyar wasa tamkar ƙwace masa ƙwallo ne yana daf da zura ta a raga. Idan ya kai wurin da kuka yi alkawari, shi zai kashe da yatsansa ya kawo miki. Kada ki fizge. Idan kullum ke ke fizgewa, ke ce birkin, kuma ranar da ba kya nan motar ba ta da birki. Farko-farko zai yi ƙunƙuni, wataƙila har da kuka. Ki bar shi ya yi, ki ce kin san da wuya, amma kada ki ƙara ko minti ɗaya saboda kukan, in ba haka ba kin koya masa kuɗin da ake sayen ƙarin lokaci da shi. Ranar da ya dawo da ita ba gardama, ki nuna masa kin lura.

Akwai wata dabara da yara masu shekarunsa ke jin daɗinta sosai, wato tona asirin manhaja. Ku zauna tare ku shiga saitin YouTube ku kashe kunna-kai, ki bayyana masa dalilin da ya sa kamfanin ya bar shi a kunne: duk daɗewarsa a ciki, tallar da za a nuna masa na ƙaruwa, kuɗinsu na ƙaruwa. Ki nuna masa jan ɗigon da ke fitowa a kan manhaja don nuna akwai sabon abu, da wasan da ke cewa idan bai shigo yau ba zai rasa kyautarsa. Ki ce masa duk tarkon da ya gano ya zo ya nuna miki. Yaro ba ya son a ce an yi masa wayo. Da zarar ya gane ana wasa da hankalinsa, shi zai riƙa zuwa da labari yana alfahari.

Yanzu ga maganar da ba kowa ke son ji ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan yana yi miki magana kina "uhm, uhm" idonki na kan waya, darasin ya riga ya shiga, kuma ya fi duk wa'azinki ƙarfi. A shekarun 1970 masanin halayyar yara Edward Tronick ya yi wani gwaji da ya shahara: uwa na wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuska na ɗan lokaci, ba murmushi ba amsawa. Nan da nan jaririn zai shiga neman hankalinta, ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, daga ƙarshe ya juya kai ya fashe da kuka. Fuskar mai duba waya ba ta da nisa da waccan fuskar. Ban ce ki jefar da wayarki ba, kina da harkokinki. Amma ki riƙa faɗin abin da kike yi da baki: "Bari in amsa wa gwaggonku saƙo, sai in ajiye." Sannan ki ajiye ɗin. Da haka yake koyon cewa ana ɗaukar waya don wata buƙata, idan buƙatar ta biya a mayar da ita. Mahaifinsa ma ya shigo cikin tsarin, don dokar da uwa ke bi uba na karyawa ba ta kwana biyu.

Ƙaramar taki kuwa lissafinta ya fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Dalilin ba wai allon na da dafi ba ne, ƙaramin yaro daga mutum yake koyo. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun sa jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Turanci kawai ake yi suna sauraron Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu ya yi musu magana sun iya bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa bidiyon irin wannan magana ba su koyi komai ba. Abin da zan fi ja miki kunne a kai shi ne toshe mata baki da waya idan tana kuka. Binciken da Jenny Radesky ta jagoranta a Jami'ar Michigan, wanda ya fito a 2022, ya gano cewa yara 'yan shekara 3 zuwa 5 da ake yawan lallashi da waya sun fi saurin rikicewa daga baya, musamman maza. Sau ɗaya a doguwar tafiya ba komai. Amma idan ya zama kullum, yaushe za ta koyi hucewa da kanta?

Doka guda da nake so ki kafa tun yau, tun babu wayar da za a yi rigima a kanta: waya ba ta kwana a ɗakin barci. A ware wuri ɗaya a gidan inda duk wayoyi ke kwana a caji, har da taki. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Hasken allo da dare na jinkirta fitar sinadarin melatonin mai kawo barci, amma abin da ya fi hasken ɓarna shi ne hankalin da ke tashe yana jiran amsar saƙo. Kuma a aikina na lura cewa mafi munin hirarrakin da yara ke faɗawa ciki da tsakar dare ake yin su, ƙofa a rufe, kowa ya yi barci. Idan ya tashi ya tarar haka gidan yake, ba zai ga dokar a matsayin hukunci ba ranar da tasa ta zo. Lokacin cin abinci ma haka.

Ido da kunne ba sa buƙatar dogon bayani. Duk bayan minti 20 ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ya samu kimanin awa biyu a waje kullum, domin hasken rana na rage haɗarin matsalar kasa ganin abu mai nisa, har Taiwan ta shigar da minti 120 na fita waje cikin tsarin makarantunta tun 2010. Idan ya sa abin sauraro a kunne kuma kina jiyo sautin daga inda kike, ko sai kin ɗaga murya kafin ya ji ki, ƙarar ta yi yawa.

Kada kuma ƙirga awanni ya zame miki ciwon kai. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka ga alaƙar yawan amfani da na'ura da walwalar matashi ƙarama ce ƙwarai. Abin dubawa shi ne me yake kallo, da wa yake magana, kuma me wayar ta ture daga rayuwarsa. Awa ɗaya yana koyon zane ko yana kiran bidiyo da kakarsa ba daidai take da awa ɗaya yana jan gajerun bidiyoyi ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda a wurina ta fi ta farko nauyi: zai zo ya faɗa? Kusan duk yaron da na gani ya daɗe cikin matsala a intanet, idan aka tambaye shi me ya hana shi magana, amsar ɗaya ce: tsoron a ƙwace wayar, a yi masa faɗa ko duka. Masu cutar da yara sun san wannan sarai, da shi suke aiki. Hanyarsu kusan iri ɗaya ce. Mutum zai ɓullo a cikin hirar wasa ko a wani zaure da sunan shi sa'an yaron ne. Zai yaba masa, ya ba shi kyautar kayan wasa, ya saurari ƙorafinsa a kan iyayensa. Sai ya ce su koma wata manhaja inda su biyu ne kawai. Sai ya ce wannan sirrinmu ne. Sai ya nemi hoto, da farko na fuska, daga baya na tsiraici. Da hoton ya shiga hannunsa sai murya ta sauya: ka turo wani ko ka turo kuɗi, in ba haka ba in aika wa iyayenka da 'yan ajinku. A Disamban 2022 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan, tana cewa yara maza ne aka fi yi wa. Na faɗi haka ne don iyaye da yawa 'ya'ya mata kawai suke yi wa wannan fargaba.

Maganin shi ne alkawari, kuma ki yi shi a fili, ki maimaita: "Duk abin da ya faru a waya, ko kai ka yi kuskuren, idan ka zo ka faɗa mini ba zan dake ka ba, ba zan ƙwace ta don ka faɗa ba. Tare za mu gyara." Sannan ku gwada kamar wasan kwaikwayo. Ki zama baƙon: "Kai, ka iya wasan nan! A wace makaranta kake? Kada ka gaya wa mamanka, ba za ta gane ba." Ki bar shi ya nemo amsa da bakinsa, ku yi dariya, ku sake. Ki koya masa alama guda mai sauƙin riƙewa: duk wanda ya ce a ɓoye wa iyaye, a ranar za a faɗa wa iyaye. Kada ki tsaya kan "kar ka kula baƙo" kawai, domin bayan sati biyu ana hira yaro ba ya ganin mutumin a matsayin baƙo, kuma wani lokaci mai cutarwar sananne ne.

Hotunan batsa da na zubar da jini kuwa, ki sa a ranki zai ci karo da su, sau da yawa ba tare da ya nema ba, ko ta talla ko a wayar aboki. Gara ya fara jin labarin daga bakinki. Na san akwai nauyi, amma ba sai kin yi dogon bayani ba: "Wata rana za ka iya ganin hoton mutane ba kaya, ko abin ban tsoro. Ba laifinka ba ne. Ka kife wayar, ka zo ka same ni." Kifewa ta fi "rufe shafin" sauƙi ga yaron da ya firgita.

Game da abin da shi zai tura, Hausawa sun riga sun gama magana: zarar bunu ce. Ki nuna masa a aikace. Ki tura wa mahaifinsa hoto, ya ɗauki hoton allon, sannan ki goge naki, ki nuna masa ga shi nan daram a ɗaya wayar. Gani ya kori ji. Daga nan ku lissafa abubuwan da ba a bai wa kowa: cikakken suna, makaranta, kwatancen gida, hoto da kayan makaranta, kalmar sirri ko da ga babban aboki ne, da lambar da ake turowa ta saƙo don tabbatar da asusu, wadda 'yan damfara ke ƙwace shafukan mutane da ita. Ke ma ki fara neman izininsa kafin ki ɗora hotonsa a ko'ina, idan ya ce a'a ki bari. Yaron da aka saba tambayarsa shi ke tambayar wasu kafin ya yaɗa hotonsu, kuma shi ke jin yana da ikon cewa a'a idan aka nemi nasa.

Kuɗi ma darasi ne. Lu'ulu'u da tsabar zinaren cikin wasa da kuɗin gaske ake sayensu, yaro kuwa ba ya ganin haka. A 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Apple mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 saboda sayayyar da yara suka yi ba izini, a 2022 kuma kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya mayar da dala miliyan 245. Ki cire katin banki daga wayar da yake ara, ko ki sa sai da kalmar sirri. Ki kuma saba masa da tambayar "wa ya faɗa, me zai samu idan na yarda?", domin yanzu ana haɗa hoto da murya da bidiyon ƙarya da ƙirƙirarriyar basira har babba ya ruɗe, kuma manhajojin da ke amsa tambaya kamar mutum suna iya shirga kuskure cikin cikakkiyar gadara.

Manhajojin sa ido kamar Family Link na Google da Screen Time na Apple suna da amfani: suna ƙayyade lokaci, suna hana sauke manhaja sai da izininki. Ki yi amfani da su, ki kuma sa shekarunsa na gaskiya a duk asusun da za a buɗe masa, don idan kika ƙara masa shekaru kin cire kariyar da aka tanadar wa yara, kin kuma koya masa ƙarya. Sai dai ba sa bin shi gidan aboki, kuma yara na koya wa juna hanyar zagaye su. YouTube Kids ma abubuwa marasa kyau kan sulale ciki. Ki gaya masa ƙarara abin da kika saita da abin da za ki riƙa dubawa. Leƙen asiri a ɓoye, ranar da ya gano, ya rushe wancan alkawarin da kika sha wahalar ginawa.

Idan lokacin ya zo, ba dole a fara da babbar waya ba. In buƙatar ita ce ki same shi idan ya fita, ƙaramar waya ta kira da saƙo ta wadatar. In karatu ne, kwamfutar hannu ta gida da ake amfani da ita a falo ta isa. Ranar da za a ba shi babbar, a ce masa ta iyayensa ce aka ba shi riƙo, a fara da manhajoji kaɗan, a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda ya riƙe amana. Shi kuwa "duk abokaina suna da ita", ki tuntuɓi iyayen abokan nasa biyu ko uku. Sau da yawa za ki tarar su ma da wannan jimlar ake matsa musu, kuma idan kuka haɗa baki kan jinkirtawa, ba wanda ɗansa zai zama saniyar ware.

Abu na ƙarshe, ki shirya wa ranar da zai fara zuwa da labari. Galibi ƙaramin abu ne: wani ya zage shi a wasa, ko ya danna wani abu allon ya cika da talla. Gwada ki yake yi, ko da shi kansa bai sani ba, kuma fuskarki yake kallo. Ki ajiye abin da ke hannunki, ki danne faɗuwar gaban, ki ce "Madalla da ka faɗa mini, zo mu gani." Idan abin ya shafi wani mutum, ku ɗauki hoton hirar kafin ku toshe shi, ku kai ƙararsa a cikin manhajar, in kuma akwai barazana ko neman hoton tsiraici, kada a biya ko sisi, a kai wa hukuma. Faɗan da kike jin ya cancanta ki ɗaga shi zuwa gobe, kuma ki mayar masa da wayar a lokacin da ya saba karɓa.